Sodar da Mama Ta Shanya

Wata baiwar Allah ta rubuto min a ƙarƙashin labarin nan tana cewa na cika jan rai, wai in faɗi wanda na aura kawai kowa ya huta. 'Yar'uwa, ki yi haƙuri. Kemistiri na karanta, ɗigo-ɗigo aka koya mana zuba abu. Yau dai labarin wata Alhamis zan ba ku, ranar da na je neman aiki da kwalbar soda a jaka.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Saratu, a Unguwar Boro na tashi. Abin da zan faɗa ya faru ne a watan Maris na 2002, ana cikin shekara ta uku da komawar sojoji bariki. Shekarata ashirin da shida a lokacin, na gama Poli, na gama bautar ƙasa, na kuma yi shekara biyu ina raba takardar neman aiki. Akwai ofisoshin da masu gadinsu suka san ni har suna tambayata jikin Mama.

Mama ta yi shekara goma sha tara a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri, har ranar da aka rufe ƙofa aka sallame su. Gefen farcenta bai daina shuɗi ba har yau. Tun da ta dawo gida ta koma shanya. Kuɓewa, barkono, tumatir, yakuwa, ɓawon lemo, duk abin da ya shigo gidanmu da danshi sai ya hau rufin ɗakin girki. Tana sayar da busasshiyar kuɓewa a ƙofar gida, sauran kuma tana shanya su ne don hankalinta ya kwanta.

Sai Benson. Kafin zaɓe batirin rediyo yake sayarwa a Sabo. Bayan zaɓe ya zama mai ba kansilan unguwarmu shawara na musamman, ya yi babbar riga kala huɗu da tsohuwar Marsandi mai hon biyu. Ban taɓa sanin shawarar da yake bayarwa ba, shi ma kansilan ina jin bai sani ba. Amma kada in zalunce shi, Benson ba mugu ba ne. Yana durƙusa wa Mama har ƙasa, kuma shi ya saya min waya a lokacin da duk layinmu mutum uku ne ke da ita. Matsalarsa ɗaya, ya riga ya gama tsara rayuwata. Zai buɗe min shago a Barnawa, har ya sa an rubuta allon.

"Matata ba za ta shaƙi asid ba," in ji shi. "Ki zauna a ƙarƙashin fanka kina sayar da madara, my queen. Wetin remain?"

Wata Lahadi bayan mun dawo coci, Mama tana cire ɗankwali ta ce, "Saratu, Ista saura mako uku. In ta zo ba ki da aiki, iyayen Benson su zo mu yi magana, ki karɓi shagon."

"Mama, ai ina nema."

"Shekara biyu kina nema. Takalminki ya fi ki gajiya."

Na dubi takalmin. Gaskiya ta faɗa. Sai na ce to. Ina so ku riƙe wannan, ba wanda ya tilasta ni, da bakina na ce to, domin na gaji. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ina tunanin gwangwanin madara, zuciyata duk ba daɗi.

Kwana biyu bayan haka saƙo ya shigo wayar.

"Makarantarmu na neman malamin kemistiri. Ki kawo takarda gobe. Ki goge takalmi."

Isaac ke nan. Shi ke kula da ɗakin gwaji, wato lab, na wata makarantar kuɗi a Barnawa, ba zan faɗi sunanta ba. Yana gabana da shekara biyu a Poli. Dogo ne, siriri, rigunansa na aiki biyu, ɗaya asid ya huda mata aljihu. Tun da na san shi bai taɓa ce min yana sona ba, bai ma taɓa cewa kitsona ya yi kyau ba. Da wayar yayansa yake turo min saƙo, kuma ga irin saƙonnin:

"Ki ɗauraye biyuret da asid kafin ki cika shi. Barka da Lahadi."

"In za ki karanta lamba, idonki ya yi daidai da ruwan. Kin ci abinci?"

Wayoyin lokacin saƙo kaɗan suke ɗauka, dole sai ka goge wani kafin wani ya shigo. Ban san yadda aka yi ba, kullum na Benson ne hannuna ke kaiwa.

Shugabar makarantar, Madam Dorcas, ba ta ɗaukar malami da takarda kawai. Sai ka tsaya gaban 'yan ajin ƙarshe ka yi gwaji da hannunka tana kallo. Mu biyu muka rage, ni da wani mutum da zai yi nasa ranar Laraba, ni kuma Alhamis. Gwajin da ta zaɓa shi ne gano yawan ruwan da ke ɓoye a cikin sodar wanki.

Bari in yi muku bayani kaɗan, kada ku gudu. Sodar wanki ta gaske ƙwaya-ƙwaya ce, garau kamar fasasshiyar ƙanƙara. Ka ganta a bushe, amma fiye da rabin nauyinta ruwa ne, domin kowace ƙwayar soda ɗaya tana riƙe da ƙwayar ruwa goma. Yadda ake tabbatarwa shi ne a auna giram 14.3, a narkar a ruwa lita ɗaya, a ɗebi mil ashirin da biyar a zuba a kwalbar gwaji, a ɗiga ruwan kala da ke mayar da shi ruwan ɗorawa. Daga nan sai a riƙa sako asid daga biyuret, wato wani dogon bututun gilashi mai lambobi da ɗan famfo a ƙasa, har kalar ta juya ruwan goro. Wannan aikin shi ake kira taitireshan. Yawan asid ɗin da ya ci shi zai nuna yawan ainihin sodar, abin da ya rage na nauyin kuma ruwa ne. In komai ya tafi daidai, asid zai tsaya a mil ashirin da biyar, lissafi ya ba da goma. Ko an tashe ni daga barci zan iya yi.

Ranar Talata Isaac ya tare ni a ƙofar makarantar da wata kwalba mai duhu, irin wadda ba a ganin cikinta.

"Kwana huɗu na yi ina haɗa ƙwayoyin nan," ya ce. "Na raba biyu, wannan naki ne. Firjin lab ya mutu, zafin nan kuma zai narkar da su. Ki sa a naku. Kada ki buɗe."

"Na gode, Malam Isaac."

"Kada ki buɗe," ya sake cewa, ya juya ya shige.

Na rungume kwalbar a kan acaɓa har gida. Na sani abin dariya ne, wani ya ba ki waya, wani ya ba ki soda, ke kuma sodar kike rungumewa. Na matsar da robobin zoɓon Mama na ajiye ta can ƙuryar firji.

Laraba tun da safe na tafi Kakau wajen ƙawata Gloria aron farar rigar lab, domin tawa ta zama abin goge tebur tun bara. Gloria ba ta ba da aro sai ka ci tuwo ka ji labarin surukarta, don haka sai la'asar sakaliya na dawo. Na tarar da Mama tana 'yar waƙar zumuntar mata, abin da ba ta yi sai ranar da ciniki ya yi kyau. Babban tirenta na silba an wanke an jingine a bango, rariya na rataye tana ɗiga. Ta ce an ɗauke wuta tun hantsi, ba a daɗe da kawowa ba. Na buɗe firji da sauri. Kwalbar na nan, an ma naɗe ta da jarida an ɗaure da leda tamau. Na ce a raina, kai, Mama akwai kula.

Alhamis na sa baƙin siket mai tsaga ɗaya a baya, da farar shet da na goge sau biyu, kitsona shuku ne sabo, takalmin nan ya sha mai har yana ɗaukar ido. Mama da kanta ta saka min kwalbar a jaka, ta ja zif, ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ba ta ko dube ni ba. Ina kan hanya saƙon Benson ya shigo.

"My queen, in ba su ɗauke ki ba kada ki damu. An kawo kantoci jiya."

Saura minti ashirin a shiga aji na shiga ɗan ɗakin da ake haɗa kayan gwaji. Isaac ya riga ya jera komai, ya goge sikeli, ya cika kwalbar asid. Na kwance ledar, na warware jaridar, na buɗe murfi, na karkata kwalbar a kan takarda.

Gari ne ya zubo. Fari tas, mai laushi, babu ko gudaji ɗaya, ya fi garin tuwon biki kyau.

Na tsaya ina kallonsa. Isaac ma ya tsaya yana kallonsa. Ya ɗan taɓa da yatsa ya murza.

"An shanya," ya ce.

"Eh."

"An daka."

"Eh."

"An kuma tankaɗe."

 Tiren da aka jingine a bango da rariyar da ke ɗiga sun riga sun dawo min a rai. Ita sodar wanki in ta sha rana da iska ruwan cikinta fita yake, ta koma gari. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Mama ba baƙuwar soda ba ce. Shekara goma sha tara tana zuba ta a tukunyar rini, da buhu-buhu take saninta. Wato ta san abin da ta taɓa. Nan take na yanke hukunci cewa da gangan ta yi, don in faɗi in koma shagon Benson. Idona ya kawo ruwa, na mayar da shi saboda hodar da na shafa.

"Akwai saura?" na tambaya.

"Na jiya ya ƙarar da nasa."

"Ya samu nawa?"

"Goma."

Na ja numfashi. Kaina ya fara lissafi da kansa, irin lissafin da shaiɗan ke taya mutum. In garin nan ya bushe iyakar bushewar da rana ke iya yi, giram shida da ɗigo biyu zai yi aikin giram 14.3 na ƙwayar. Sai in auna kaɗan a nan ciki inda ba mai gani, in narkar, in fita in rubuta 14.3 a allo. Asid zai tsaya kusa da ashirin da biyar, goma ta fito, a tafa min. Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar nan ya san ana dafa lamba.

Na faɗa wa Isaac. Bai ce a'a ba, bai ce eh ba. Ya ɗauko littafin da yake rubuta duk abin da aka auna a lab ɗin, ya buɗe, ya cire murfin biro.

"Abin da sikeli ya nuna nake rubutawa," ya ce. "Ke kuma cokali na hannunki."

Na tsani mutumin nan na kusan minti ɗaya. Sannan na zuba gari a sikeli har ya kai 14.3 cif, ya rubuta, na narkar. Na san shagon madara nake auna wa kaina.

Ɗalibai talatin da biyu ne a ajin. Madam Dorcas tana can baya a kan kujerar roba, gajeriya, tabarau rataye da sarƙa, littafin kemistiri buɗe a cinyarta ta ɗora yatsa a kan amsar. Na gaishe su, na rubuta kan darasi, na ɗaga sauran garin a takarda na nuna musu.

"Wannan sodar wanki ce," na ce. "Littafinku ya ce ƙwaya ce mai ruwa goma. Wannan ta sha rana jiya. Yau za mu tambaye ta ruwa nawa ya rage mata."

Madam ta sa tabarau.

Na ɗebi mil ashirin da biyar, na ɗiga kala, ruwan ya zama ɗorawa. Na buɗe famfon biyuret ina juya kwalbar da hannun dama. Asid ya wuce goma. Ya wuce ashirin. Ya zo ashirin da biyar, inda duk mai mutunci yake tsayawa, ya wuce ko sallama babu. A raina na ce wataƙila talatin da biyar, ai rana ɗaya ce kawai. Talatin da biyar ta zo ta tafi. Arba'in. Arba'in da biyar. Ajin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Ruwan nan yana nan ɗorawarsa kamar ba da shi ake ba.

Biyuret mil hamsin yake ɗauka. Ya kai hamsin na rufe famfo.

Wata yarinya a layin gaba, Vicky, ta ɗaga hannu. "Anti, asid ɗinki ya ƙare."

"Na gani."

"Na jiya nasa bai ƙare ba o."

"Na jiya mamarsa ba ta da tire," na ce a raina. A fili kuma na ce, "Rubuta hamsin, Vicky. Malam Isaac, a ƙaro asid."

Isaac ya zo ya cika biyuret ɗin a natse kamar kullum haka ake yi. Na ci gaba, ɗigo, juyi, ɗigo, juyi. A bakwai da ɗigo shida kalar ta juya ruwan goro ta tsaya. Hamsin da bakwai da ɗigo shida ke nan. Wani daga baya ya ce "Thank God," ajin ya fashe da dariya. Na sake yi karo na biyu, na sa Vicky ta riƙe famfon da kanta, muka samu hamsin da bakwai da rabi.

Muka hau lissafi a allo tare, layi bayan layi. Nauyin ƙwayar ya fito ɗari da ashirin da huɗu. Soda zalla ɗari da shida ce. Aka cire, saura goma sha takwas, wato nauyin ƙwayar ruwa guda. Na rubuta amsar da girma, na ja mata layi biyu. Ɗaya.

"Cikin goma, rana ta kwashe tara," na ce. "Wannan ɗayan shi ne mai taurin kai, sai an ɗora a wuta yake fita."

Madam Dorcas ta ɗaga littafinta. "Malama, littafi ya ce goma."

"Haka ne, Madam. Littafi yana maganar ƙwaya. Abin da ke cikin kwalbar nan ɗaya ne."

"Wanda ya zo jiya ya samu goma."

"Sodarsa ba ta sha rana ba, Madam."

"To wa ya shanya taki?"

Duk ajin ya zuba min ido. Ina fushi da Mama fushin da ban taɓa yi ba, amma ba zan kira sunan uwata a gaban yara talatin da biyu ba.

"A hannuna aka ba da ajiya, Madam. Laifina ne."

Ta rufe littafin, ta cire tabarau. "Za mu rubuto miki."

Na san wannan jimlar. Shekara biyu ina jin ta, ba a taɓa rubutowa ba. Na cire rigar Gloria na ninke, na wuce Isaac yana wanke kwalabe bai ko ɗago ba. Ban hau acaɓa ba sai da na yi tafiya mai nisa a ƙasa, ina shirya maganganun da zan faɗa wa Mama, ina gyara su suna ƙara kaifi.

Marsandin Benson na ƙofar gida. Yana falo ya baje babbar riga ruwan toka a kan doguwar kujera, yana cin dafa-duka da cokali biyu a faranti, wai ko zan taya shi. Mama ta fito daga ɗakin girki tana goge hannu a zani. Fuskarta a sake, idonta na ƙyalli.

"Yaya? Sun ga sodar?"

"Sun gani."

"Me suka ce? Ai na san ba su taɓa ganin mai kyau irinta ba."

Na manta duk maganganun da na shirya. "Mama, me ya sa kika taɓa min kwalba?"

"Ke, da ban taɓa ba da kin sha kunya! Wuta ta ɗauke, na buɗe firji in duba zoɓo, na ce bari in ga abin da yarinyar nan take ɓoyo. Soda ce ta jiƙe sharkaf, duk ta dunƙule tana zufa. Wanda ya ba ki ya cuce ki. A masaƙa in soda ta yi haka ta lalace ke nan, sai a kira mutum ofis. Na ce 'yata ba za ta shiga gaban manya da ruɓaɓɓen kaya ba." Ta nuna rufin ɗakin girki. "Na sauke kuɓewata duka na ba ta wuri. Wuni na yi a tsakar gida da sanda saboda kajin maƙwabta. Sau uku na tankaɗe, Saratu. Sau uku."

Sai a lokacin na lura da bayan wuyanta, rana ta ƙona shi ya yi baƙi. Kuɓewar da ta sauke tana cikin kwando a gefe, ta fara yauƙi, ta ranar kasuwa ce guda ta lalace.

Na zauna a hannun kujera. Na yi mata bayani a hankali, cewa sodar masaƙa busasshiya ce tun asali, tawa kuma ruwan cikinta shi ne jarrabawar. Na faɗa mata goma, na faɗa mata ɗaya, na faɗa mata za su rubuto. Tana ji fuskarta na sauka.

"Wato ruwan ake nema," ta ce.

"Shi ake nema."

"Ni kuma na kore shi."

"Na ɗauka da gangan kika yi, Mama. Don shago."

Ban san me ya sa na faɗa ba. Ta dube ni tsawon lokaci, ba fushi a idonta, abin da ke ciki ya fi fushi ciwo.

"Ni da na yi shekara goma sha tara ina sa hannu ina karɓar albashina, ni zan so ki zauna a shagon wani? Gajiya na yi da ganin kina fita da ambulan kina dawowa da shi."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba kafin ranar, ban kuma sake ji ba har yau. 

Benson ya ajiye cokali ya yi gyaran murya. "Mama, ai wannan ikon Allah ne. God don do am. Kantoci ma sun iso."

Mama ta juya. Ta shige ɗaki. Muka ji ƙarar akwati. Da ta fito tana sanye da zanin zumuntar mata, wanda ba ta ɗaurawa sai taron coci ko jana'iza, ɗankwalin a tsaye. Ta ɗauki tiren silba, ta sauko da rariya ta ɗora a kai.

"Tashi," ta ce min. "Wadda ta shanya ita za ta yi bayani. Benson, tayar da mota."

"Ina za mu, Mama?"

"Barnawa. Makaranta."

Ya buɗe baki, ya dubi ɗankwalin, ya rufe. Ya ɗauki makulli.

Haka muka fita, Mama a gaba da tire a cinya tana maimaita jawabinta ƙasa-ƙasa, "Madam, ni ce uwar, ni na yi, yarinyar ba ta sani ba," ni a baya da rigar Gloria a jaka, Benson yana tuƙi ko hon ɗaya bai danna ba. Mun kusa shiga Barnawa wayar ta yi ƙara a hannuna. Akwatin saƙo ya cika, sai da na goge na kantoci sannan ya shigo.

"Bayan kin tafi Madam ta sa na maimaita sau uku a gabanta. 57.6, 57.5, 57.6. Ta duba littafina ta ga 14.3. Ta ce tana son mai faɗin abin da ke cikin kwalba. Litinin, bakwai da rabi. Kada ki ce na gaya miki."

Na karanta sau biyu. Na kifa wayar a cinya na dubi taga, domin hodar nan dai ba ta tsira ba a ƙarshe. Ban faɗa wa Mama ba. An ce kada in faɗa, kuma ta riga ta sha wahalar shirya jawabi, ga zanin zumunta an ɗaura, bai kamata a yi asararsa ba.

Wayar ta sake ƙara.

"Garin ya yi laushi sosai. Ina so in zo in ga rariyar. Asabar da yamma. Da kawuna Tanko."

Duk wadda ta tashi a gidan mutunci ta san ba a ɗauko kawu don kallon rariya.

Mama ta waiwayo. "Wa ke ta damun ki a wayar nan?"

"Ai ni na saya mata, Mama," in ji Benson, yana murmushi ta madubi.

"Mama," na ce, "Asabar ki dafa shinkafa. Akwai masu zuwa ganin rariyarki."

Ta dubi rariyar da ke cinyarta, ta juya ta, ta sake dubana. Ta daɗe tana dubana.

"Su nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya dattijo ne."

Ta gyara zaman ɗankwalinta ta mayar da ido kan hanya. "To sai a yanka kaza."

Benson ya taka birki a ƙofar makarantar, ya kashe mota, ya juyo gaba ɗaya da babbar rigarsa.

"Rariya kuma?" ya ce.